Kyanwar da Na Sa a Jirgin Masar

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce yanzu mu 'yan Kebbi ne, ina aikin jinya a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Yelwa. Mijina ya rasu da shekara biyu a lokacin, Allah bai ba mu haihuwa ba, sai na kwashe kayana na koma gidanmu, muka zauna daga ni sai Inna.

Likitarmu ta ɗakin haihuwa mutuniyar Masar ce, doguwa, furfura ta fara fito mata a goshi. Ta daɗe a garin har ta iya Hausar da za ta yi wa mai naƙuda faɗa, ta kuma lallashe ta. Ba ta da miji, ba ta da ɗa. Abin da take da shi kyanwa ce. Ta tsince ta tana jaririya a cikin kwalin magani a ɗakin ajiya, uwar ta tafi ba ta dawo ba, ta riƙa ɗura mata madara da sirinji har ta rayu. Toka-toka ce, ƙafarta ɗaya ta gaba fara, kamar ta taka gari. Ta sa mata wani suna na Larabci, amma mu duk kyanwar Likita muke ce mata.

A ƙarshen daminar nan Likita ta fara ramewa. Mu da muke aiki da ita mun gani, ba wanda ya yi magana. Ita ta san abin da ke cikin ƙirjinta tun kafin mu lura, aikinta ne. Wata ranar Alhamis bayan mun tashi ta ce in biyo ta gida. Na tarar an ɗaure akwatuna, littattafanta a kwali, kyanwar tana zaune a kan ɗaya daga ciki.

Ta ce, "Sista, jibi zan tafi. Za a yi mini aiki a Alƙahira."

Na ce Allah ya sa a yi a sa'a, na tambaye ta yaushe za ta dawo. Ba ta amsa wannan ba. Ta ce ta aika an tambayo mata a Kano, masu jirgi sun ce ba za su ɗauki kyanwa ba sai da takardar lafiya, da shaidar an yi mata allurar ciwon hauka, kuma sai allurar ta yi wata guda a jikinta.

"Ni kuwa ba ni da wata guda," in ji ta. "Ki riƙe mini ita. In takardu sun kammala ki sa ta a jirgi. Amana, Sista."

Ta rubuta mini adireshin gidanta da lambar wayar wani ɗan'uwanta, ta bar mini abin da za a yi hidimar da shi. Na karɓa da hannu biyu na ce na ɗauka. Ranar Asabar mota ta zo ta tafi da ita. Ni kuma na sa kyanwar a kwando na rufe da zane na kai ta gidanmu.

Inna 'yar masunta ce. Ƙauyensu a kan tsibiri yake, yana cikin waɗanda ruwa ya ci da aka datse kogi, aka kwaso su aka zuba a tudu. Har lokacin da nake ba da labari tana banda kifi a tsakar gida ana kai mata kasuwa, ko da yake yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma inuwa-inuwa take gani da shi. Da ta ji kukan abin da ke cikin kwando sai ta ajiye wuƙa.

"Mussa? A gidan banda? Ke, mi kika ɗauko muna?"

Na ce ta Likita ce, wata ɗaya kawai za ta yi.

Kwana uku da zuwanta ta saci kan tarwaɗa, Inna ta jefe ta da ludayi ta same ta a gindi, abin da ya ba ni mamaki ga mai ido ɗaya. Daga ranar ba ta sake hawa kan ragar banda ba. Sai ta zauna nesa kaɗan, ta naɗe wutsiya a kan ƙafafu, tana kallon hannun Inna. Inna kuwa tana ta mita, tana cewa dabbar da aka saba wa madarar gwangwani ba ta da tarbiyya. Amma na lura in ta gyara kifi, akwai wani ɗan kasko da take turawa gefe da ƙafa.

Wata ɗayan nan bai zama wata ɗaya ba. Na je wurin malamin dabbobi, ya ce allurar ta ƙare, sai an kawo, kuma abu ne da sai a cikin sanyi ake ajiye shi. Da aka kawo aka yi mata, muka jira watan. Da watan ya cika aka ce takardar sai an buga mata hatimi a Birnin Kebbi, jiha kuwa sabuwa ce, ofisoshi suna ta ƙaura, wasu a gidajen haya, wasu teburinsu ma bai iso ba. Na je sau biyu ina dawowa hannu biyu. Ba laifin kowa ba ne, kowa neman kujerarsa yake yi. A haka aka ci wata shida.

A cikin watannin nan wasiƙa ɗaya na samu daga Likita, tun da farko-farko. Da Turanci ta rubuta, rubutun ya karkace ba kamar wanda na sani a katin marasa lafiya ba. Ta ce an yi aikin. Ta tambayi matan da ta bari da ciki. Sauran duk a kan kyanwa ne: tana cin abinci, tana tsoron ruwan sama, kada a bar ta ta sha ruwan kwata. Daga nan shiru. Na ɗauka jinya ce ta hana ta rubutu.

A gida kuwa wani abu yana faruwa wanda ban kula da shi da wuri ba. In na dawo daga aikin safe, tun daga zaure sai in ji muryar Inna tana magana, in ɗauka baƙuwa muka yi. In na leƙa sai in ga ita kaɗai ce a kan tabarma, kyanwar a kan cinyarta. Wata rana na tsaya ban yi sallama ba. Tana lissafa mata gidajen tsibirinsu ne, ɗaya bayan ɗaya, daga mashaya zuwa gindin tsamiya: gidan masu saƙar taru, gidan da aka haifi tagwaye, inda ake jan kwalekwale a kife shi a yi masa liƙi, inda kabarin mahaifiyarta yake. Tana faɗi tana shafa bayan kyanwar. Ni da ta haifa ba ta taɓa gaya mini waɗannan ba. In na tambaye ta sai ta ce, "Ruwa ya ci, mi za a hwaɗi?" Na tsaya a zauren nan har ƙafata ta gaji, sannan na yi gyaran murya na shiga.

Da hatimi ya samu, bazara ta riga ta shigo. Na kai wa kafinta awon da aka ba ni daga Kano, ya yi akwati na katako, gaba da gefe waya, da ɗan gwangwanin ruwa da aka ɗaure a ciki. Ranar da aka kawo shi Inna ta lalube shi da hannu, ta bi kusurwa-kusurwa, ta taɓa sakatar.

Ta ce, "Wagga mussa haihuwar Yelwa ta. Mi za ta yi a Masar?"

Na ce, "Inna, mai ita tana can tana jira."

"Ta rubuto?"

"Ba ta da lafiya ne."

"Wanda ba shi da lahiya shi aka kai ma wahala? Ki rubuta mata ki ce tana nan ƙalau, in ta warke ta zo ta ɗauka da hannunta."

Na ce na yi alkawari, amana ce, kuma wata shida ina yawo a kanta. Har na ɗaga murya, abin da ban saba yi mata ba. Na ce ita da ta ce ba ta son dabbar a gidanta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon zanenta da ya sha hayaƙi, ta yage rabi ta shimfiɗa a cikin akwatin.

Yanzu in na tuna, na san ba amana kaɗai ke tura ni ba. Na gaji. Ina son a ce na gama abin da na ɗauka. Kuma akwai ɗan wani abu a raina game da hirar nan da ake yi da kyanwa ba a yi da ni.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, ni da akwatin a kan cinyata a motar haya. Tun daga tasha take kuka, fasinjoji suna dariya, wani ya ce yau ga kyanwa za ta ƙasar waje mu muna nan. Ta yi kuka har Kontagora. Wajen Tegina muryar ta dushe, sai buɗe baki take yi ba sauti. Ina jiƙa yatsana a ruwa ina zura mata ta waya tana lasa. Muka kwana a Kano gidan wata da muka yi makarantar jinya tare.

Washegari da hantsi na kai ta wurin da ake karɓar kayan jirgi. Rumfa ce babba ta kwano, zafi kamar a tanda. Ma'aikacin da ya karɓe ni dattijo ne mai haƙuri. Ya duba takardun ɗaya-ɗaya, ya ɗora akwatin a sikeli, ya manna masa takardu masu hoton kibiya. A wurin sunan mai karɓa na rubuta sunan Likita da lambar wayar ɗan'uwanta. Ya ce in je in buga waya in sanar da su ranar sauka. Na je gidan waya, aka gwada lambar sau uku tana ƙara ba a ɗauka, sai na aika telgiram zuwa adireshin gidan.

Da na dawo an riga an ɗora ta a kan keken kaya, tsakanin buhuna da wasu kwalaye. Na cika mata gwangwanin ruwa. Ba ta yi kuka ba. Ta kwanta a kan zanen Inna ta zura farar ƙafar nan ta ramin waya, ta bar ta a waje. Wani ya zo ya tura keken, suka bi ta wata ƙofa da ba a barin mu shiga. Da la'asar na ji tashin jirgin, ban gan shi ba, gini ya tare.

Kwana tara da dawowata, na shigo gida Inna ta tare ni da fara'ar da rabona da ganinta tun kafin tafiyar. Masinjan asibiti ya kawo wasiƙa, ta ɓoye ta a ƙarƙashin filo.

"Ga ta nan, ta iso. Karanta muna."

Ambulan ɗin ya sha hannu, ya yi laushi, hatimin gidan waya a kansa har huɗu, wani a kan wani. Na buɗe na ga Larabci ne, kuma ba hannun Likita ba. Na ce wa Inna bari in kai wa Malam. Malam maƙwabcinmu ne, yana koyar da Larabci a sakandare, ya yi karatu a Sudan.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran keke. Ya wanke hannu ya karɓa. Ya karanta a zuci tukuna, na ga ya koma farko ya sake. Sannan ya yi salati ya ce in zauna.

Ƙanwar Likita ce ta rubuto. Likita ta rasu, kuma da Malam ya duba kwanan watan wasiƙar, rasuwar ta kai wata uku. An rufe gidanta na Alƙahira, an mayar wa mai shi, ɗan'uwan nan ya koma wurin aikinsa a wata ƙasa. Sai Malam ya karanta mini wurin da har yau in na rufe ido nake jin muryarsa a kai. Kafin ta rasu Likita ta bar saƙo: a gaya wa Sista kada ta aiko da kyanwar, ta bar wa mahaifiyarta, ta san tsohuwar za ta riƙe ta.

Wasiƙar ta fi wata biyu a hanya. Da ta zo da kwana goma sha biyu kafin haka, da shi ke nan.

Na roƙi Malam kada ya gaya wa kowa. Ya ce shi ba zai kai maganar ko'ina ba. Na dawo gida, Inna tana zaune inda na bar ta, ta juyo da kunnenta wajen ƙofa. Na zauna, na buɗe takardar kamar mai tuna abin da aka fassara mata, na ce Likita tana gaishe ta, tana samun sauƙi, kyanwa ta sauka lafiya, har ta gane ta ta hau cinyarta.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Ba ni takardar." Ta ninke ta ta sa a cikin kwallar da take ajiye kayanta.

Na rubuta wa ƙanwar nan sau uku a adireshin da ke bayan ambulan, Malam yana mayar mini da Larabci. Ba amsa. Da na samu hutu na koma Kano, na ce wa Inna taro aka tura ni. Na sami dattijon nan, ya gane ni. Ya buɗe wani babban littafi ya bi da yatsa, ya ce kayan sun sauka, iyakar abin da ke wurinsu ke nan. Na ce, to in ba wanda ya zo karɓa fa? Ya ce wani lokaci ana dawo da kaya, amma wannan ba a dawo da shi ba. Na ce, dabba mai rai, yaya ake yi da ita? Ya rufe littafin ya dubi gefe.

"Hajiya, kowace ƙasa da yadda take yi."

Ban san abin da ya same ta ba. Wannan shi ne duk labarin, kuma shi ne abin da ya ƙi barina. Mai yiwuwa wani ma'aikaci ya ji motsi ya buɗe ya kai wa 'ya'yansa. Mai yiwuwa telgiram ɗin ya faɗa hannun wani maƙwabci mai kirki. Amma ni ba waɗannan nake gani ba. Rumfa nake gani irin ta Kano, an jera kaya har sama, ana magana da harshen da ba ta taɓa ji ba sai a bakin mutum ɗaya, tana jin sa ta ko'ina tana ɗaga kai. Na san girman gwangwanin nan, ni na cika shi. Na sha ƙiyasta kwana nawa zai kai.

Abin ya bi ni har wurin aiki. Wanda bai yi aikin ɗakin haihuwa ba bai san yadda kukan bakwaini yake kama da na kyanwa ba, siriri, yana yankewa. Sau da yawa ina tsaka da awon ciki sai in ji shi daga ɗaya ɗakin, hannuna ya tsaya. Na zama ba na iya wuce kwali a rufe a ɗakin ajiya sai na ɗaga murfin. Abokan aiki suka ɗauka tsabar tsantseni ne.

Inna kuwa ba ta daina tambaya ba. Bayan 'yan watanni sai ta ce, "Ba labarin mutanen Masar?" Ni kuma in ce an yi waya asibiti, suna lafiya. Wata rana ta ce ko mussar ta haihu. Na ce ta haifi uku. Ta tambayi kalarsu, na ƙirƙira. Ta ce madalla, ta ci gaba da juya kifinta. Ba ta sake karɓar wata kyanwa ba ko da maƙwabta suka kawo mata, kuma ban sake jin ta tana lissafa gidajen tsibiri ba.

Shekara huɗu muka yi a haka, sannan ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, Malam ya yi sallama ya tsaya a zaure. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce akwai maganar da ya riƙe, yanzu yana ganin ya halatta ya sauke ta.

Ya ce, "Sista, mako guda bayan kin kawo mini takardar nan, Inna ta zo da ita da kanta. Kina wurin aiki. Ta lalubo bango har ƙofata. Ta ce tana son ta sake jin gaisuwar Likita."

Na ce, "Allah gafarta Malam, me ka ce mata?"

"Na ce ta bari sai kin dawo. Ta ce a'a, ni ta kawo wa. Ni kuwa ban iya karanta mata abin da babu shi a takarda ba."

Ya karanta mata duka, har wurin da aka ce a bar mata kyanwar. Sannan ta yi wa Likita addu'a. Sannan ta tambaye shi, tun da ya zauna kusa da ƙasar, ko mutanen can suna da tausayin dabba. Ya ce mata iyakar saninsa suna son kyanwa ƙwarai, a masallatai ma ana barin su. Ta ce to. Da za ta tashi ta ce masa, "Kada ka hwaɗa mata na sani. Abin da ta ɗauko ya ishe ta."

Na tsaya riƙe da labulen zaure. Abin da ya fara zo mini shi ne 'ya'yan kyanwar nan uku, da yadda ta tambaye ni kalarsu ɗaya bayan ɗaya, ta bar ni na gama, ta ce madalla.

Malam ya ce in yafe masa. Na ce ba abin da ya yi. Ya sa takalmansa ya tafi, ni kuma na koma ciki, akwai sauran tabarmin maƙwabta da ba a mayar ba, na hau naɗe su.